Dr. Strangelove: ina dariyar take a fim ɗin da duniya ta ƙare a cikinsa?

"Assalamu alaikum Malam. Na sha ganin ana sa Dr. Strangelove cikin manyan finafinan barkwanci na duniya, sai na nemo shi na kalla. Gaskiya dariyar da na yi ba ta taka kara ta karya ba, kuma da ya ƙare raina ne ma ya ɓaci. Ta yaya za a mai da halakar duniya abin wasa? Sannan abin da aka nuna, cewa janar guda zai iya tayar da yaƙin nukiliya ba da sanin shugaban ƙasa ba, yana da tushe ko ƙirƙirar 'yan fim ce kawai?"

Wa alaikumus salam. Tambayarka kashi biyu ce, ɗan'uwa: ina dariyar take a fim ɗin da ya ƙare da tashin bama-bamai, kuma nawa ne gaskiya a cikin labarinsa. A ganina ba a raba su, domin dariyar wannan fim daga gaskiyar da ke cikinsa take tasowa. Wanda bai san yadda Amurka da Tarayyar Sobiyet suka tsara makamansu a wancan zamani ba, abin da zai gani shi ne wasu dattawa suna ta surutu a ɗaki mai duhu. Wanda ya sani kuwa, kusan kowace magana da aka yi a ɗakin zai gane inda aka ɗauko ta. Ɓacin ran da ka ji yana cikin abin da aka gina fim ɗin ya haifar, don haka ba ka yi nisa da fahimtarsa ba.

Zamanin da aka yi shi

Fim ɗin ya fito ranar 29 ga Janairu, 1964. Stanley Kubrick ne ya ba da umarni, an ɗauke shi a Shepperton da ke Ingila a 1963, hotonsa baƙi da fari, tsawonsa awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna. Ka dubi shekarun da kyau. Wata 15 kafin fitowarsa, a Oktoban 1962, Amurka da Sobiyet sun shafe kwana 13 suna zaman ɗar-ɗar a kan makamai masu linzami da Sobiyet ta girke a Kyuba. A Oktoban 1961 Sobiyet ta gwada bam mai ƙarfin megaton kusan 50, wanda ya ninka na Hiroshima fiye da sau 3,000. Da wannan fargabar masu kallo na farko suka shiga sinima. Mu ma nan tsoron ya iso mu: Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu, 1960, kuma bayan gwaji na uku gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa a Janairun 1961.

A wancan lokaci rundunar sojin saman Amurka mai kula da manyan bama-bamai, wadda ake kira SAC, tana da wani shiri mai suna Chrome Dome da ya gudana daga 1960 zuwa 1968. Jiragen B-52 ɗauke da bam ɗin haidurojin suna shawagi dare da rana, ana ba su mai a sararin sama, wasu na sauka wasu na tashi. Dalilin shi ne kada harin bazata ya same su duka a ƙasa. Ƙa'idar ita ce jirgi ba zai wuce wani wuri da aka shata masa ba sai umarnin kai hari ya zo, an kuma tabbatar da sahihancinsa.

Dukan tsarin ya tsaya a kan tunani guda: abokin gaba ba zai kawo hari ba muddin ya tabbata ramuwa za ta zo ko da ya kashe shugabanninka. Daga nan matsala take farawa. Ana so makamin ya tashi duk lokacin da aka ba da umarni na halal, ana kuma so kada ya taɓa tashi idan ba a ba da ba. Waɗannan buƙatu biyu karo suke yi. Idan ka ce shugaban ƙasa kaɗai ke da iko, abokin gaba zai fara da kashe shi, ramuwa ta tsaya. Idan ka raba ikon ga janar-janar, ka buɗe ƙofa ga wanda zai yi gaban kansa. Duk abin da ka ƙara wa ɗaya, ka rage wa ɗayan. Labarin fim ɗin gaba ɗaya a cikin wannan tsaka mai wuya yake.

Yadda kowane matakin tsaro ya zama sanadi

Bari mu bi abin daki-daki, domin a nan gwanintar rubutun take. Birgediya Janar Jack D. Ripper, kwamandan sansanin Burpelson, ya haukace a kan imanin cewa sinadarin fuloraid da ake zuba wa ruwan famfo makircin 'yan gurguzu ne na gurɓata jikin Amurkawa. Wannan ma ba ƙirƙira ba ce, akwai ƙungiyoyin masu tsattsauran ra'ayi a Amurka, irin su John Birch Society, da suka yaɗa maganar da gaske. Ripper ya aika wa jiragensa 34 umarnin aiwatar da Shiri R. Shirin an yi shi ne don ƙaramin kwamanda ya iya rama hari idan an hallaka na sama da shi, kuma shugaban ƙasar da kansa ne ya sa masa hannu, bayan wani sanata ya yi ƙorafin cewa barazanar Amurka ba ta da ƙarfin da za a ji tsoronta. Matakin farko ke nan da aka kafa don tsaro ya juya.

Na biyu, na'urar CRM 114 da ke cikin kowane jirgi. Da zarar an shiga Shiri R, rediyon jirgin ba zai karɓi wani saƙo ba sai wanda ya fara da haruffan sirri guda uku. An yi haka ne don kada Rashawa su kwaikwayi muryar kwamanda su ce wa jiragen su koma. Amma Ripper kaɗai ya san haruffan. Haruffan Turanci 26 ne, idan ka jera su uku-uku za ka sami 17,576, kuma a fim ɗin an ce gwada su duka zai ci kwana biyu da rabi, alhali jiragen ba su fi tafiyar awa biyu da inda za su saki bam ba.

Na uku, rufe sansanin. Ripper ya sa an tattara duk rediyon da ke hannun sojoji, an katse wayoyi, ya kuma gargaɗe su cewa abokan gaba na iya zuwa sanye da kakin Amurka, su harbi duk wanda ya matso. Wannan umarni ne mai ma'ana a lokacin yaƙi na gaske. Sakamakonsa, sojojin da shugaban ƙasa ya turo su kamo Ripper sai da suka gwabza da 'yan'uwansu, a ƙarƙashin wani allo da ke ɗauke da taken SAC na ainihi, mai cewa zaman lafiya ne sana'arsu. Abin da ya fara tona asirin janar ɗin ƙaramar rediyo ce da mataimakinsa, Mandrake, hafsan sojin saman Birtaniya, ya kunna ya ji ana ta kiɗa kamar kullum. Da an kai wa Amurka hari, ba za a ji kiɗa a gidajen rediyo ba.

Ripper ya kashe kansa a banɗaki. Mandrake ya gano haruffan daga zane-zanen da janar ɗin ya yi a takardar teburinsa, amma layukan waya sun mutu, sai wayar kuɗi da ake jefa wa silalla, shi kuma ba shi da isassu. Ya roƙi Kanar Guano, na cikin sojojin da aka turo sansanin, ya harbi injin sayar da Coca-Cola a ɗebo canji, kanar ɗin kuwa ya tsaya yana jan kunnensa cewa wannan dukiyar kamfani ce, in bai samu shugaban ƙasa a waya ba shi zai amsa wa kamfanin. Saƙon ya isa, jirage 30 suka juya, uku kuma Rashawa sun riga sun harbo su.

Saura jirgin Manjo Kong. Makami mai linzami na Sobiyet ya fashe kusa da shi, ya tayar da abin da aka sa wa CRM 114 don ta lalata kanta kada ta faɗa hannun abokan gaba, rediyon ya ƙone. Yanzu ko an aiko haruffan daidai babu mai ji, wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Shugaban Amurka a fim ɗin, Muffley, ya ba wa Rashawa wuraren da jirgin zai kai wa hari don su tare shi a can, suka tara ƙarfinsu a wurin. Amma tankin man jirgin yana yoyo, ba zai kai ko ɗaya daga cikinsu ba, sai ma'aikatansa suka zaɓi wuri mafi kusa da babu mai jiran su. Suna tafiya ƙasa-ƙasa yadda na'urar hango jirage ba ta ganin su, kamar yadda aka horar da su. Ƙofar sakin bam ta maƙale, Kong ya sauka da kansa ya hau kan bam ɗin ya haɗa wayoyin da suka ƙone, ƙofar ta buɗe, ya faɗa tare da shi yana kaɗa hularsa.

Mataki na ƙarshe na Sobiyet ne: na'urar ƙare duniya, tarin bama-bamai da aka binne waɗanda za su tashi da kansu idan aka jefa wa ƙasar bam ko ɗaya, su lulluɓe duniya da guba har shekara 93. An gina ta yadda ba mai iya kashe ta, domin barazanar da za a iya janyewa ba ta tsorata kowa. Amfaninta ɗaya ne tak, abokin gaba ya san da ita, su kuwa sun ɓoye ta suna jiran taron jam'iyya na ranar Litinin su sanar.

Yanzu ka ƙirga: mahaukaci guda ne a cikin wannan sarƙa. Duk sauran, daga mai karɓar saƙo a jirgi har mai gadin ƙofar sansani, aikinsu suka yi yadda aka koya musu, wasu ma da jarumtar da a wani fim ɗin za a ba su lambar yabo. Wannan shi ne zambon da fim ɗin yake yi, kuma shi ne abin tsoron.

Inda dariyar take

Kubrick bai fara da niyyar barkwanci ba. Ya sayi haƙƙin wani littafi na Peter George, tsohon hafsan sojin saman Birtaniya, mai suna Red Alert, wanda ya fito a 1958, labari ne na tashin hankali zalla kuma a ƙarshensa an tsira. Da ya zauna rubutu, ya bayyana daga baya cewa ya riƙa cire abubuwa don kada su ba da dariya, sai ya lura waɗanda yake cirewa su ne suka fi kusa da gaskiya. Daga nan ya juya akalar aikin, ya ɗauko marubuci Terry Southern suka ƙarasa tare.

Salon da ya bi ya yi kama da na ɗan kama: murya ta malami, fuska a ɗaure, karatu a tsanake, amma abin da ake karantawa tuwo da miya ne. Ba wanda ya san yana cikin fim ɗin dariya. Wurare uku kawai ake zagayawa, kuma kowanne da irin ɗaukarsa. Cikin jirgin an ɗauke shi kamar fim ɗin koyar da aiki, ana kiran maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ana amsawa, ana dannawa. Ma'aikatar tsaron Amurka ba ta ba da haɗin kai ba, don haka daga hotunan da aka buga a fili aka gina cikin B-52 ɗin. Faɗan sansanin da kyamarar hannu aka ɗauke shi, tana rawa kamar labaran fagen daga. Ɗakin yaƙi kuwa Ken Adam ne ya zana shi: ƙaton zaure na kankare, bango a karkace, daɓe baƙi mai sheƙi, babban taswira a sama, da tebur zagayayye mai zoben fitilu a kansa. An lulluɓe teburin da koren ƙyalle irin na teburin caca, duk da cewa launin ba zai fito a hoto baƙi da fari ba, don 'yan wasan su ji cewa caca suke yi da duniya.

Ka sake kallon kiran wayar da Muffley ya yi wa Firimiyan Sobiyet, Kissov. Muryar gefe ɗaya kawai muke ji. Kissov ya sha ya bugu, akwai kiɗa a bayansa, Muffley ya fara da roƙon a rage sauti, ya bi da gaisuwa mai tsawo, wannan lafiya wancan lafiya. Sannan ya shiga kewaye-kewaye, ya kasa cewa an turo jirage su hallaka ƙasarka, sai ya ce wani kwamandansu ya ɗan sami matsala a kai ya je ya yi wani abin wauta. Kafin a gama, shugabannin biyu suna gardama a kan wanda ya fi wani jin baƙin cikin abin da ya faru, mintuna kuwa suna ta tafiya. Peter Sellers, wanda ya fito a matsayin Muffley, bai yi ko murmushi ba. Ladabin da ke tsakanin maƙwabta biyu da suka sami ɗan saɓani aka ɗora a kan mutuwar miliyoyi, rashin dacewar ne ke sa dariya, dariyar kuma ta maƙale a wuya.

Sai Janar Turgidson, wanda George C. Scott ya fito a matsayinsa, yana tauna cingam ba ƙaƙƙautawa. Shawararsa ita ce tunda abin ya riga ya faru, a bi bayan jiragen da dukan ƙarfin Amurka, asarar ba za ta wuce mutum miliyan 10 zuwa 20 ba. Irin wannan lissafi yana nan a rubuce a littafin Herman Kahn na 1960, On Thermonuclear War, wanda ya jera adadin matattu da shekarun da tattalin arziki zai ɗauka kafin ya farfaɗo. Kahn ya yi aiki a cibiyar bincike ta RAND, wadda fim ɗin ya canja wa harafi ya kira BLAND, kuma shi ne ya tattauna batun na'urar ƙare duniya a matsayin misali na tunani. Fitowar da ta fi nuna halin Turgidson ita ce lokacin da shugaban ƙasa ya tambaye shi ko jirgin da ya rage zai iya kutsawa. Sai ya manta da inda yake, ya buɗe hannuwa yana kwatanta yadda gwanin matuƙi ke shafa ƙasa da ƙaton jirgi, fuskarsa cike da alfahari, ya buɗe baki zai ce tabbas zai iya, sai ya tuna abin da hakan ke nufi, ya rufe baki da hannu.

Sellers rawa uku ya taka: Mandrake, Muffley, da Dakta Strangelove kansa, masanin kimiyya Bajamushe a keken guragu, mai baƙar safar hannu, wanda hannunsa na dama ke ƙwacewa ya yi gaisuwar 'yan Nazi ko ya shaƙe shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta kwaso masana daga Jamus a shirin Paperclip, cikinsu har da Wernher von Braun mai ƙera rokoki, don haka masu kallo na 1964 sun san inda aka dosa. An so Sellers ya yi Kong ma, bai yiwu ba, aka ba Slim Pickens. Akwai kuma wata fitowa ta ƙarshe da aka ɗauka, inda manyan ɗakin yaƙi ke jifar juna da kek, Kubrick ya yanke ta ya jefar. Ya yi daidai. Da an bar ta, da mutanen sun zama 'yan wasan yara, mai kallo ya samu hanyar cewa ai wasa ne.

Nawa ne gaskiya?

A farkon fim ɗin akwai sanarwa cewa matsayin rundunar sojin saman Amurka shi ne matakan tsaronta za su hana faruwar irin wannan. Takardun da aka fitar daga sirri shekaru da yawa bayan haka sun nuna cewa Shugaba Eisenhower, a ƙarshen shekarun 1950, ya ba wasu manyan kwamandoji izinin amfani da makaman nukiliya a yanayi na gaggawa idan ba a iya samun shugaban ƙasa ba. Wato Shiri R yana da ɗan'uwa a zahiri, ko da yake na zahirin manyan kwamandoji aka ba, da sharuɗɗa. Makullin lantarki da ke hana tayar da bam sai da lambar sirri, a 1962 ne Shugaba Kennedy ya ba da umarnin sa shi a makaman Amurka da ke Turai, sauran makaman kuma sun daɗe kafin su samu. Kafin nan abin da ake dogaro da shi shi ne tantance lafiyar hankalin ma'aikata, da dokar cewa mutum ɗaya ba ya kusantar makami shi kaɗai. Bruce Blair, tsohon jami'in harba makaman Minuteman, ya ce an daɗe ana barin lambar makullinsu a kan sifili takwas don kada a sami jinkiri, rundunar ta musanta. Daniel Ellsberg, wanda ya yi aikin tsara yaƙin nukiliya a wancan zamani, ya rubuta cewa da ya kalli fim ɗin ya ɗauke shi kusan a matsayin labarin gaskiya.

Haɗurra kuma sun faru. A Janairun 1961 wani B-52 ya tarwatse a sama kusa da Goldsboro a jihar North Carolina, bama-bamai biyu suka faɗo, ɗaya lemarsa ta buɗe ya bi yawancin matakan tashi, kuma wata takarda da aka fitar a 2013 ta nuna maɓalli guda ne ya hana. A 1966 wani ya yi karo da jirgin ba da mai a Palomares da ke Sifaniya, a 1968 wani ya faɗi kusa da Thule a Girinlan, wanda shi ya kawo ƙarshen shawagin Chrome Dome.

Na'urar ƙare duniya ma ta sami mai kama da ita. A 1985 Sobiyet ta fara aiki da tsarin Perimeter: idan aka kunna shi a lokacin rikici, na'urori suka ji alamun fashewar nukiliya, hanyar sadarwa da manyan hafsoshi kuma ta katse, ikon ramuwa zai koma hannun 'yan jami'an da ke cikin rami, su harba rokokin da za su watsa umarni ga sauran makamai. Akwai ɗan Adam a cikinsa, ba kamar na fim ba, amma an ɓoye shi, duniya ba ta ji labarinsa ba sai bayan rushewar Sobiyet. Kuskuren da fim ɗin ya yi wa dariya a 1964 shi aka maimaita.

Wayar da shugabannin ke magana a kai ce ba ta dace da zahiri ba. Layin gaggawa da aka buɗe tsakanin Washington da Mosko a 1963 na rubutu ne, an guje wa murya da gangan don kada fushi ko kuskuren tafinta ya ƙara dagula al'amari.

Abin da tarihi ya nuna, wanda babu shi a jirgin Kong, shi ne mutumin da ya ƙi bin inda tsari ke tura shi. Ranar 27 ga Oktoba, 1962, a cikin jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyet B-59 kusa da Kyuba, Vasili Arkhipov ya ƙi amincewa a harba makamin nukiliya a kan jiragen ruwan Amurka da ke jefa musu nakiyoyin gargaɗi. Ranar 26 ga Satumba, 1983, na'urar gargaɗi ta nuna wa Stanislav Petrov makamai biyar sun taso daga Amurka, ya kai rahoton cewa kuskure ne, daga baya aka gano hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron ɗan Adam.

Ya dace a yi dariya a kan wannan?

Ka duba wa ake yi wa dariyar. Ko sau ɗaya fim ɗin bai yi wasa da wanda bam zai faɗa wa ba. Masu riƙe da maɓalli yake yi wa zambo, da harshensu mai sanyi da ke mai da rayuka alƙaluma. Hanya mafi sauƙi ta gane amfanin hakan ita ce ka kalli Fail Safe na Sidney Lumet, wanda ya fito a shekarar 1964 ɗin, da labari kusan iri ɗaya har aka je kotu a kan littafin da aka ɗauko shi. A can na'ura ce ta lalace, mutanen kuwa masu mutunci ne, shugaban ƙasa ya sadaukar da New York don ya biya Mosko. Fim ne mai kyau, amma kana fita daga cikinsa da girmama mutanen da ke ɗakin, kana jin ƙaddara ce ta faɗa musu. Kubrick ya hana su wannan girman. A ganina ya fi gaskiya, domin tsarin mutane ne suka zauna suka zana shi, suka ware masa kuɗi, suka kira shi tsaro.

Duk da haka fim ɗin yana da iyakarsa. Da ya ɗora farkon bala'in a kan mahaukaci, mai kallo na iya cewa a tace mahaukata shi ke nan, alhali yawancin lokutan da aka kusa faɗawa rami haɗari ne ko gargaɗin ƙarya, a hannun mutane masu cikakken hankali. Ba ya nuna ƙuna ko gawa, don haka wanda bai san abin da ya sami Hiroshima da Nagasaki ba, ba a nan zai sani ba. Mace ɗaya ce tak a cikinsa, ita ma sakatariya ce da aka nuna a matsayin abin sha'awa. Sannan zamani ya canja: jirgi ana iya kiran sa ya juya, makami mai linzami da ke ratsa nahiyoyi kuwa cikin kimanin minti 30 yake isa, kuma in ya tashi ya tashi. Yau ƙasashe tara ke da makaman, jimillarsu wajen 12,000, lissafin kuma ya fi na ƙasashe biyu rikitarwa.

Idan za ka sake kallo

Abin da na saba gani ga masu kallon farko shi ne maganganun suna wuce su, domin Turancin soja ne da na ofis, cikin sauri. Ka kunna rubutun ƙasan allo. Ka kuma sani akwai habaicin batsa a sunayen mutanen da wasu maganganu, da fitowa ɗaya ta mace cikin kayan da ba su rufe jiki ba, saboda haka ba na zama da yara ba ne. Kada ka jira a yi maka alamar inda za ka yi dariya, babu kiɗan barkwanci, babu mai zare ido. Ka riƙa tambayar kanka a kowace fitowa: wace doka wannan mutumin yake bi, kuma don hana me aka kafa ta? Ka lura da yadda kiɗan tafiyar soja da ke rakiyar jirgin ke sa ka fara fatan Kong ya tsira ya isa, alhali isarsa ita ce ƙarshen kowa. Da gangan aka yi maka wannan tarkon.

Mintunan ƙarshe su ne suka fi buƙatar natsuwa. Bam ya riga ya faɗa, Strangelove yana bayanin yadda za a zaɓi ɗaruruwan dubban mutane a ɓoye su a ramukan haƙar ma'adinai har shekara 100, mata goma ga kowane namiji, kuma dole manyan gwamnati da na soja su kasance a ciki. Ka dubi fuskokin da ke sauraro, yadda damuwa ke barin su. Turgidson ya miƙe yana gargaɗin kada a bari Rashawa su fi su yawan ramuka, wanda kwaikwayo ne na ƙorafin da aka yi a zaɓen 1960 cewa Sobiyet ta fi Amurka makamai masu linzami, ƙorafin da daga baya ya tabbata ba gaskiya ba ne. Jakadan Sobiyet kuma ya ja gefe ya durƙusa, ya fito da ɓoyayyiyar kyamara yana ɗaukar hoton taswirar sirri ta ɗakin.